Koyar da Turanci a Tailan: yadda ranata take wucewa

Sanusi G.
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun da na saka hoton bikin watsa ruwa na watan Afrilu saƙonni ba su bar ni na huta ba, kowa "Malam a nema min hanya". Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, gara in faɗa a nan kowa ya ji. Shekarata ta uku ke nan ina koyar da Turanci a wata sakandaren gwamnati a lardin Khon Kaen, arewa maso gabashin Tailan, yankin da suke kira Isan.

Ina tashi huɗu da rabi na asuba. Lokacin a Kano goma da rabi na dare ne, awa shida ke tsakaninmu, don haka kafin in yi salla nake kiran maiɗakina in same ta ba ta kwanta ba. Yara sun riga sun yi barci, sai Asabar nake jin muryarsu. Bakwai saura ina kan babur. Sau biyu a mako ni ke tsayuwar ƙofa: in tsaya a bakin makaranta, yara suna shigowa suna haɗa tafin hannu a ƙirji suna sunkuyar da kai, ni kuma ina yi musu barka da safiya da Turanci. Na daɗe kafin na gane ba don yaran ake tsayar da ni ba, don iyayen da ke sauke su ne, su gani da idonsu makarantar nan tana da malami daga waje.

Ƙarfe takwas a ɗaga tuta a rera taken ƙasa, a yi addu'o'insu na addinin Buddha, shugaban makaranta ya yi jawabi mai tsawo muna tsaye a rana. Har launin rigar da zan saka an tsara min: Litinin rawaya, Talata ruwan hoda, Laraba kore, Alhamis ruwan lemo, Juma'a shuɗi. Ni da ban taɓa tunanin zan saka riga ruwan hoda ba, yanzu guda biyu gare ni.

Darasi ashirin nake yi a mako, kowanne minti 50, kowane aji yara arba'in da ɗoriya, kuma sau ɗaya nake ganin kowane aji a mako. Ku yi lissafi, sama da yara 800 ke nan. Sunayensu na gaskiya dogaye ne, kowa da laƙabinsa yake amfani: akwai Bank, akwai Ball, akwai Ice, akwai Benz. Huɗu da rabi a tashi. In biya kasuwar yamma in sayi ganye da kifi, in koma ɗaki, in rufe ƙofa. Daga nan har gobe ba wanda zan yi wa magana da harshen da ba sai na tauna ba. Wannan ɓangaren ne ba ya fitowa a hoto.

Nura Ɗan Hidima
Yaya Sanusi Allah ya ƙara rufin asiri. Duk mun ji, amma ka tsallake inda muke jira. Nawa ake biya?

Sanusi G.
Na san nan za ka dosa ƙanena. Bat dubu 24 nake karɓa a wata, bat shi ne kuɗin ƙasar. Ɗakina dubu huɗu, wuta da ruwa da intanet kusan dubu ɗaya da rabi idan ban kunna na'urar sanyaya ɗaki da yawa ba. Idan na ɗaure ciki ina tura rabin albashin gida. A teburin da ke kusa da nawa akwai wani yaro ɗan Ingila, shekararsa 24, tarihi ya karanta, bai taɓa riƙe alli ba kafin ya zo. Dubu 35 ake ba shi. Ni kuwa Turancin na karanta, na yi difilomar koyarwa, na koyar shekara bakwai a gida. Sai malamai mata biyu 'yan Filifin, su ne ke ɗauke da nauyin sashen gaba ɗaya, su kuma dubu 20.

Maman Haidar
Inna lillahi. Ai wannan wariya ce a fili Malam. Kuma ka zauna ka yarda? Ni a wata makarantar kuɗi nake koyarwa a Kaduna, albashinmu abin kunya ne a faɗa, amma dai ba wanda zai ce an fi ni don launin fata.

Kabiru Guangzhou
Hajiya ki bar batun yarda. Wanda ya je cin arziki ƙasar mutane ba shi ke tsara farashi ba. Kasuwa ce: iyaye farar fuska suke son gani, makaranta kuma abin da mai saye yake so take sayarwa. Mu nan Sin haka aka yi ta yi har zuwa Yulin 2021 da gwamnati ta hana cibiyoyin darasin bayan makaranta neman riba da manyan darussa, dare ɗaya dubban malamai suka tashi ba aiki, fari da baƙi. Na san yaranmu da suke cewa iyaye su 'yan Amurka ne don a ɗauke su. Koriya ta Kudu ma ba ta ɓoye ba, bizar koyar da Turanci ƙasashe bakwai ta ware: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand, Ireland da Afirka ta Kudu. Kai da ka yi firamare har jami'a da Turanci ba ka ciki.

Sanusi G.
Maman Haidar ban ce ba ta yi min ciwo ba. Watannin farko duk ranar albashi sai na kasa cin abinci. Amma abin kashi biyu ne. Akwai na doka: wanda fasfonsa ba na ƙasashen da suka ɗauka masu Turanci tun daga nono ba ne, sai ya kawo sakamakon jarrabawar gwajin Turanci ta TOEIC aƙalla maki 600 kafin majalisar malamai ta ƙasar, Khurusapha, ta ba shi izinin koyarwa. Na zauna na rubuta, na ci 945, ba wanda ya ƙara min ko bat ɗaya. Sai kuma na zuciya, wanda ba a rubuta shi ko'ina ba. Kalmar da suke kiran baƙo da ita, farang, Bature take nufi. Ni ba farang ba ne, ba su ma san ajin da za su saka ni ba. Ran da na fara shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare wata yarinya ta shafa hannuna ta duba yatsanta. Ban ji haushi ba, don na tuna yadda muke bin Turawa a guje muna yara muna "Bature, Bature".

Baba Ilu Mai Ritaya
Sanusi ɗana, labarinka ya mayar da ni baya. Lokacin da muke kwalejin horon malamai a shekarun 1970, wanda ya koya mana lissafi Ba'indiye ne, na kimiyya ɗan Pakistan, akwai 'yan Filifin, daga baya 'yan Ghana suka cika makarantunmu har aka kore su a 1983. Mun yi wa Ba'indiyen nan dariyar yadda yake karkaɗa kai da yadda yake furta kalmomi, mun laƙaba masa suna. Ban taɓa tambayar kaina me yake ci da daddare ba, ko wa yake yi wa hira idan an tashi. Yau ga ɗanmu ya zama shi. Allah ya yafe mana.

Sanusi G.
Amin Baba. Wallahi nakan tuna malaman nan da kuke ba mu labari.

Ustaz Mansur
Malam Sanusi ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Ka ce kana tsaye ana addu'ar Buddha, yara suna sunkuya maka. Na kuma ga bidiyon wani biki da ɗalibai suke rarrafowa suna kai goshi ƙasa a gaban malamai. Ina matsayinka a nan? Sannan Juma'a fa, tun da ranar aiki ce a can?

Sanusi G.
Tambaya mai kyau Ustaz. Lokacin addu'arsu tsayuwa nake yi hannuna a baya, ba na haɗa hannu, ba na cewa komai, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Sun san Musulmi, kudancin ƙasar, Pattani da Yala da Narathiwat, mafi yawansu Musulmi ne. Bikin da ka gani shi ne Wai Khru, ranar girmama malamai, ana yin sa wata Alhamis a watan Yuni bayan an buɗe sabuwar shekarar karatu a tsakiyar Mayu. Yara suna kawo faranti da furanni da ciyawa da shinkafar da aka fasa kamar gugguru, kowanne da ma'anarsa: wani kaifin basira, wani haƙuri, wani ƙanƙan da kai. Shekarar farko ban san me za a yi ba, kawai na ga yaro a gabana goshi a ƙasa, jikina ya yi sanyi. Shekara ta biyu na samu shugabar sashe na yi mata bayani, yanzu a gefe nake zama, su miƙo min furen a tsaye in karɓa in yi godiya.

Juma'a ce dai matsala. Masallaci yana cikin birnin Khon Kaen, tafiyar kusan minti 40 a babur. Na roƙa aka cire min darasin bayan cin abincin rana na ranar, na karɓi na farkon safiyar Litinin da kowa ke gudu. Zangon da ya wuce aka canza jadawalin ba a tuna da ni ba, Juma'a biyar na rasa kafin a gyara.

Ustaz Mansur
To alhamdu lillahi da ka ware kanka daga sujadar. Amma ni har yanzu ina ganin zama a inda Juma'a sai an roƙa, iyali kuma suna wata duniya, abin a sake dubawa ne.

Maman Haidar
Ustaz a nan kam ban bi ka ba. Gaisuwar haɗa hannu ai ba ta kai durƙuson da muke yi wa iyaye da surukai ba, kuma ba a ce mun yi shirka ba. Batun iyali ne na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Shekara uku mace tana renon yara ita kaɗai, miji a waya. Ku maza kuna lissafin bat, mu muna lissafin dare.

Zainab H.
Bari in sa baki, ni a Hanoi nake, Biyetnam, shekara biyu. Tawa ranar kishiyar ta Malam Sanusi ce. A cibiyar koyon harshe nake, aikinmu yana farawa ne lokacin da yara suka taso daga makaranta, biyar da rabi na yamma zuwa tara na dare, Asabar da Lahadi kuwa tun safe har duhu. Litinin ce hutuna, ranar da kowa yake wurin aiki, don haka ba ka da abokin fita. Da awa ake biyanmu, ya fi na Tailan kauri, amma ranar da aka soke aji ba ko sisi, kuma lokacin bikin sabuwar shekararsu, Tet, gari yakan mutu sama da mako guda, aljihu ma haka.

Hijabi shi ne nawa yaƙin. Wurare uku sun ga takarduna sun yaba, da muka yi hira ta bidiyo sai shiru. Na huɗun suka ɗauke ni, sai ga iyaye biyu sun cire 'ya'yansu daga ajina a makon farko. Wata uku bayan haka uwar ɗaya ta dawo da kanta tana roƙon a mayar da ɗanta, don ɗan maƙwabciyarta da ya zauna ya fara karanta littafi shi kaɗai. Masallaci ɗaya ne a duk Hanoi, Al-Noor, a titin Hang Luoc cikin tsohon gari. Ranar idi a nan za ka ga ɗan Indonesiya da ɗan Masar da ɗan Kano a sahu ɗaya har kan titi.

Nura Ɗan Hidima
Anti Zainab abinci fa? Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan, an ce komai da alade.

Zainab H.
Ni dai girki nake yi. Sanusi ya ba ka nasa labarin, ya taɓa ba ni na yi dariya har da hawaye.

Sanusi G.
Hahaha. Jimlar farko da na koya a harshensu ita ce ta cewa ba na cin alade. Alade sunansa mu, ci kuma kin, a'a kuma mai. Ka haɗa: "mai kin mu". Bahaushe a tsakiyar kasuwa yana nuna tukunya yana cewa mai ƙin mu, mai ƙin mu, kamar mai neman tsari da maƙiya. Kuma harshen nasu karin sauti biyar gare shi, in ka karkata muryar kaɗan ka faɗi wani abu daban. A nan Hausa ta taimake ni fiye da ɗan Ingilan nan, don kunnenmu ya saba bambanta kalma da hawa da saukar murya. Shi har yau bai jin bambancin kusa da nesa, su biyun klai ne, sauti kawai ya raba su.

Amma ko ka faɗa daidai ba ka tsira ba, don romon miyar ma na ƙashin alade ne, kuma a wurinsu romo ba nama ba ne. Abincin makaranta kyauta ne ga malamai, ni dai ƙwai da farar shinkafa nake ɗauka. Nama sai in na shiga birni ranar Juma'a, wajen mahautan da ke kusa da masallaci, da yawansu jikokin Fatan ne da kakanninsu suka zo daga yankin Pakistan da sana'ar shanu. A shagunan 7-Eleven kuma ka duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar a bayan leda. Abin da ya kama ni shi ne som tam, kwaɗon ɗanyen gwanda da barkono, ana ci da shinkafa mai danƙo da hannu, a dunƙula kamar loma. Suna saka wani ruɓaɓɓen kifi, pla ra, Turawa suna toshe hanci. Ni da na tashi da daddawa ban ga abin gudu ba.

Isufu Maraɗi
Malam, yaran suna koyo kuwa? Mu nan Nijar Faransanci aka ɗora mana, Ingilishi sai a koleji, kuma na san wahalar koyon harshen da ba ka jin sa a titi.

Sanusi G.
Isufu ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, ya fi batun albashi damuna. Minti 50 a mako da yara 45, me za ka koyar? Nahawu malaman ƙasar ne ke koyar da shi, da harshensu. Ni an ce in sa su magana. Yaro ya yi shekara tara yana Turanci, ka tambaye shi lafiya, ya amsa da haddar da aka ba shi tun firamare, ka canza tambayar kaɗan ya juya yana kallon abokinsa. Ba daƙiƙai ba ne, kunyar kuskure a gaban mutane ce take kashe su. Harshensu kuma ba ya ƙare kalma da wasu baƙaƙe, lam a ƙarshe nun take komawa, shi ya sa ƙwallon ƙafa take zama futbon. Ina gyara musu ina tuna yadda malaminmu ya sha fama da mu a kan pa da fa.

Sai ƙarshen zango. Na kai sakamako da yara goma sha ɗaya da suka faɗi, cikinsu har da wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba. Shugabar sashe ta yi murmushi ta ce in sake ba su jarrabawa. Suka sake faɗuwa. Ta ce to su share ɗakin malamai su kwafi shafi biyu, in ba su 50. Na yi gardama, ta dafa takardar ta ce mai pen rai, wato ba komai. A nan ba a ɗaga murya, wanda ya fusata a fili shi ya yi asara ko da shi ke da gaskiya. Na saka hannu. Har yau abin yana cina.

Maman Haidar
To wannan kam ba sai ka je Tailan ba Malam. Mu ma mai makaranta yakan ce ɗan wanda ya biya kuɗi ba ya maimaita aji.

Baba Ilu Mai Ritaya
A zamaninmu yaro yakan maimaita aji sau biyu uban ya zo ya yi wa malami godiya. Amma kar ka raina minti hamsin ɗin nan Sanusi. Ba'indiyen da na ba ku labari, ban riƙe lissafinsa ba, amma shi ne mutum na farko da na gani yana shigowa aji kafin ƙararrawa kullum, na kuma yi shekara 35 ina kwaikwayonsa.

Nura Ɗan Hidima
Ni dai duk da haka ina so. Akwai wani a Telegram da ya ce zai yi min komai, biza da tikiti da masauki, aikin Turanci a kamfani, dala 1,500 a wata, ba ma sai na kawo takardun makaranta ba. Ya ce a Bankok za a tarbe ni da mota.

Zainab H.
Nura don girman Allah ka toshe lambar nan yau.

Sanusi G.
Ƙanena ka saurare ni da kyau. Wannan motar ba makaranta za ta kai ka ba. Mae Sot za ta nufa, bakin iyaka, a tsallaka da kai kogi zuwa Myawaddy a Myanmar, inda ake tsare mutane a gidajen damfara ta intanet, a karɓe fasfo, a sa ka yaudarar mutane da Turancin naka, in ba ka kawo kuɗi ba a dake ka. A Fabrairun 2025 an fito da ɗaruruwa ta wannan iyakar, da yawansu 'yan Afirka. Ba makarantar gaskiya da za ta ce ba ta son takardunka, ko ta ba ɗan Najeriya sabon zuwa dala 1,500.

Hanyar gaskiya a hankali take tafiya. Digiri, a tantance shi a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja. Takardar shaidar 'yan sanda, da ta hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, don Tailan tana cikin ƙasashen da ke neman ta. TOEIC. In da hali kwas ɗin koyar da Turanci na awa 120. Makaranta ta aiko maka da takardun ɗauka, ka nemi biza nau'in Non-B, in ka iso a yi maka takardar izinin aiki. Bayan nan duk kwana 90 sai ka sanar da ofishin shige da fice inda kake zaune. Izinin Khurusapha na wucin gadi shekara biyu-biyu ne kuma ba a sabunta shi har abada. Ka kuma karanta kwantiragi da idon basira: in ta hannun dillalan malamai ka shigo, da yawa ba sa biyan hutun Afrilu da na Oktoba. Ni shekarar farko wata goma aka biya ni, hoton bikin ruwan da kuke ta yabawa ma irinsa na farko da na ɗauka ba ko bat ɗari biyar a aljihuna. Abu na ƙarshe, bakinka ya yi nesa da maganar gidan sarautarsu, ko da wasa, ko a Facebook. Sashe na 112 na dokarsu ɗaurin shekara uku zuwa 15 ne.

Kabiru Guangzhou
Ka ji gaskiya Nura. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ustaz Mansur
To kai Malam Sanusi yaushe za ka dawo?

Sanusi G.
Ustaz kullum ina cewa wannan shekarar ce ta ƙarshe. Ginin da nake yi ya kai linta, saura rufi. Maiɗakina ta ce in rufin ya hau ban dawo ba za ta zuba 'yan haya ta koma gidansu, kuma ban ji alamar wasa a muryarta ba. Kwantiragina zai ƙare a Maris.

Baba Ilu Mai Ritaya
Allah ya kai mu. Ka ce kowa da laƙabinsa a can. Kai wane suna suka laƙaba maka? Don na san ba su ƙyale ka ba, mu ma ba mu ƙyale namu ba.

Sanusi G.
Baba sun kasa Sanusi, sai suka mayar da ni Khru Sanuk. Khru malami ke nan, sanuk kuma nishaɗi. Na yi wata biyu ina amsawa kafin na san ma'anarsa. Bari in kwanta, sha ɗaya ta wuce a nan, gobe Talata ni ke da ƙofa kuma ban goge rigar ruwan hodar ba.

Nura Ɗan Hidima
Yaya kafin ka kwanta, TOEIC ɗin a ina ka rubuta, gida ko can?